Takardun azzalumi sun fi kauri: amsa ga mai binciken tarihin wariyar launin fata a Amurka

Wata ɗalibar tarihi da ke shirin rubuta kundin digiri na biyu ta aiko da tambaya. Tana so ta yi aiki a kan wariyar launin fata a Amurka da gwagwarmayar da baƙaƙen fata suka yi don neman 'yancinsu, amma malamin da ke duba aikinta ya ce ba zai karɓi kundin da aka tsinto daga littattafan wasu kaɗai ba, sai ta kawo takardun asali. Tana tambaya ina ake samunsu, ko wanda ke zaune a Najeriya zai iya kaiwa gare su ba tare da biza ba, kuma wanne ne abin dogaro.

Ƙanwata, malaminki ya yi gaskiya, kuma abin da ya nema bai fi ƙarfinki ba. Takardun da yawa an ɗauki hotonsu an sa a intanet kyauta, data da haƙuri kawai za ki kashe. Tambayarki ta uku ce mai nauyi. Takardun da suka fi yawa, suka fi tsari, suka fi sauƙin samu, waɗanda suka yi zaluncin ne suka rubuta su. Gwamnati tana da akawu da tafireta da kabad ɗin ƙarfe. Manomin da aka kora daga gonar da yake yi wa aiki don ya je rajistar zaɓe ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. In ba ki yi hattara ba, za ki gama kundin kina magana da bakin ɗan sanda ba ki sani ba.

Bari in fara da jihar Misisipi, don a nan abin ya fi fitowa fili. A ranar 17 ga Mayu 1954 Kotun Ƙolin Amurka ta yanke hukunci a shari'ar Brown cewa raba makarantun gwamnati bisa launin fata ya saɓa wa tsarin mulki. A 1956 majalisar dokokin Misisipi ta kafa wata hukuma ta musamman, wai don kare ikon jihar daga katsalandan ɗin gwamnatin tarayya. Sunanta a Turance Sovereignty Commission, da shi za ki neme ta. Gwamna ne shugabanta, da kuɗin haraji ake biyanta, aikinta kuwa leƙen asirin 'yan jihar: wa ya shiga ƙungiya, wa ya halarci taro a coci, lambar motar wa aka gani a ƙofar gidan wane, wane malamin makaranta ne ya kamata a raba shi da aikinsa. Tana da masu bincike, wasunsu tsofaffin jami'an FBI, hukumar binciken laifuka ta tarayya, tana kuma biyan 'yan rahoto, har da baƙaƙen fata. An daina ba ta kuɗi a 1973, aka rushe ta a 1977, majalisa ta ce a kulle takardunta shekara 50, wato har 2027. Ƙungiyar kare 'yancin jama'a ta ACLU ta kai ƙara, aka yi ta jan shari'a, sai a watan Maris 1998 aka buɗe su. Shafukan sun haura 120,000, sunayen mutane kimanin 87,000, kuma tun 2002 suna shafin intanet na hukumar adana tarihin jihar da ke Jackson. Kina zaune a Zariya ko Sakkwato za ki rubuta suna ki ga fayil ɗinsa.

Ki fara da sunan Clyde Kennard. Tsohon soja ne, ya yi karatu a Jami'ar Chicago, ya koma gida kusa da Hattiesburg don ya riƙe wa mahaifiyarsa gona. Yana so ya ƙarasa digirinsa a kwalejin gwamnati da ke kusa da gidansu, wadda turawa kaɗai ke shiga. Ya nema sau da dama a ƙarshen shekarun 1950 ana hana shi. A 1960 aka kama shi da zargin hannu a satar buhu 5 na abincin kaji, kuɗinsu dala 25. Masu taimaka wa alƙali yanke hukunci, dukkansu turawa, minti 10 suka yi suna shawara, aka ɗaure shi shekara 7 a gidan yarin Parchman. Saurayin da ya ɗauki buhunan da hannunsa, wanda shi ya ba da shaida a kansa, bai yi zaman kaso ba. Ciwon daji ya kama Kennard a tsare, aka sake shi a farkon 1963, ya rasu a watan Yulin shekarar.

Yanzu ki jera takardun. Kundin kotu ya ce mai laifi ne. Jaridun turawan garin sun maimaita abin da kotu ta ce. Wanda ya tsaya a kan waɗannan biyun yana da takardun asali har biyu, kuma ƙarya ce zai rubuta. Fayil ɗin hukumar leƙen asirin ne ya nuna cewa tun kafin maganar abincin kaji an sa wani mai bincikenta, Zack Van Landingham, ya tono rayuwar mutumin nan: bashinsa, aikin sojansa, mu'amalarsa, ana neman abin da za a kama shi da shi, har da shawarar a tura masa manyan baƙaƙen fata su lallashe shi ya janye. Sai bayan shekara 40 da wani abu wancan saurayin da ya ba da shaida ya fito ya ce Kennard bai sa shi satar komai ba, kotu ta wanke shi a 2006. Tushe huɗu ke nan a kan magana ɗaya, kuma sai an haɗa su gaskiya ta bayyana.

Kada kuma ki ɗauka fayil ɗin hukumar shi ne gaskiyar tsantsa don ya tona asirin kotu. Ɗan rahoton da ake biya yana so a ci gaba da biyansa, don haka ba ya komawa ofis hannu rabbana. In babu labari sai ya ƙirƙiro. Kowa ɗan gurguzu ne a idonsu. Suna rubuta sunaye ba daidai ba, suna haɗa mutum biyu su zama ɗaya, suna cusa tsegumin aure da na giya. Karanta irin wannan fayil kamar neman sanin halin mace ne daga bakin kishiyarta: za ki ji ƙarfe nawa ta fita, wa ya zo wurinta, me ta saya a kasuwa, kuma galibi hakan ya faru, amma dalilin da za a ba ki na fitar ba shi ba ne. Ki ɗauki rana da wuri da sunayen mahalarta, ki gwada su da wata takarda. Fassarar niyyar mutane kuwa ki riƙe ta a matsayin shaida a kan tunanin hukumar, ba a kan wanda ake leƙe ba. Kotu ma ta san da wannan: kafin a buɗe takardun an ba waɗanda aka ambata damar neman a rufe sunansu ko su shigar da martani. In kin ci karo da martanin, ki karanta shi tare da zargin.

Waɗannan takardu ba tarihi kawai suka gyara ba. A 1989 ɗan jarida Jerry Mitchell na jaridar Clarion-Ledger ya sami wasu daga cikinsu ta bayan fage, ya buga cewa hukumar ta taimaki lauyoyin Byron De La Beckwith wajen tantance masu taimaka wa alƙali a shari'arsa ta biyu a 1964. Beckwith shi ake zargi da harbe Medgar Evers, jami'in NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙaƙen fata, na jihar, a ƙofar gidansa ranar 12 ga Yuni 1963. Wato jiha tana gurfanar da mutum da hannun dama, tana taya shi da hannun hagu. Aka sake shari'a, aka same shi da laifi a 1994.

Takardun FBI sun fi waɗannan girma, sun kuma fi su wuyar sha'ani. Daga 1956 zuwa 1971 hukumar ta gudanar da wani shirin sirri mai suna COINTELPRO na kutsawa cikin ƙungiyoyi da haɗa su faɗa da ɓata sunan shugabanninsu. Ba gwamnati ce ta fallasa kanta ba. Wasu mutum 8 ne suka fasa ƙaramin ofishin FBI a garin Media na jihar Pennsylvania a daren 8 ga Maris 1971, daren da hankalin kowa ke kan damben Muhammad Ali da Joe Frazier, suka kwashe fayil-fayil suka aika wa jaridu. Daga baya kwamitin majalisar dattawa ƙarƙashin Sanata Frank Church ya yi bincike a 1975 da 1976, rahotonsa yana intanet, kuma ni da shi nake ba ɗalibi shawara ya fara kafin ya shiga ɗanyen fayil. A ciki za ki ga labarin wasiƙar da ba sa hannu da FBI ta aika wa jagoran gwagwarmayar, Martin Luther King, a ƙarshen 1964, wadda shi da na kusa da shi suka fahimta a matsayin ingiza shi ya kashe kansa. Shekaru da yawa kwafin da aka shafe wasu layukansa da baƙin tawada kaɗai ake da shi, sai a 2014 masaniyar tarihi Beverly Gage ta ci karo da cikakken a ma'adanar takardun ƙasa. Darasin aiki ke nan: in kin ga shafi an baƙanta rabinsa, ki nemi kwafinsa a fayil ɗin wani ofishi, don ba kullum masu shafewar ke shafe wuri ɗaya ba. Kaset-kaset ɗin da aka naɗa a ɗakunan otal ɗin King kuwa, wani alƙalin tarayya ya kulle su a 1977 na tsawon shekara 50. Ra'ayina, ɗalibar digiri na biyu ta bar su inda suke ko da an buɗe. Ba nan tarihin gwagwarmayar yake ba.

To ina muryar masu gwagwarmayar? Mafi girman taska ita ce ta NAACP, ƙungiyar da aka kafa a 1909, takardunta kimanin miliyan 5 suna Ɗakin Karatu na Majalisar Dokoki a Washington. Daɗin wannan tari ba jawaban shugabanni ba ne, wasiƙun rassa ne: sakataren reshe a wani ƙaramin gari yana rubuto wa hedikwata a New York cewa an kashe wane, ba a kama kowa ba, a turo lauya. Ba duka aka sa a intanet kyauta ba, wani ɓangaren sai ta ɗakin karatun jami'ar da ke biyan kuɗi, amma kundin da ke nuna abin da ke cikin kowane akwati kyauta ne, kuma ma'aikatan suna amsa imel in kin faɗi lambar akwati da ta fayil.

Sai dai ki sani, giɓin da ke cikin takardun masu gwagwarmaya sau da yawa da gangan ne. A 1956 jihar Alabama ta nemi NAACP ta miƙa sunayen membobinta. Ta ƙi, aka ci ta tarar dala 100,000, sai a 1958 Kotun Ƙoli ta ce tana da ikon ɓoye sunayen, kuma ba ta koma aiki a jihar ba sai 1964. A jihar South Carolina an yi dokar da ta hana ma'aikacin gwamnati zama memba, da ita aka kori malamar makaranta Septima Clark a 1956. A irin wannan yanayi, mai hankali ba ya ajiye rajistar mahalarta taro. Don haka rashin ganin sunan mutum a takarda ba ya nufin bai yi komai ba, kuma waɗanda suka fi ɓacewa su ne mata da talakawan ƙauye, masu dafa abinci, masu ba da ɗakin kwana, masu tara kuɗin beli.

Takardun King a warwatse suke: wasu a Jami'ar Boston da ya ba da da kansa a 1964, wasu a cibiyarsa da ke Atlanta, wasu a Kwalejin Morehouse. Cibiyar King ta Jami'ar Stanford ta tattara da yawa ta sa a intanet tare da bayani, ita ta fi sauƙi gare ki. Amma ba zan ba ki shawarar yin kundi a kansa ba, an riga an tattake wurin. Ƙungiyar ɗalibai ta SNCC ta fi shi buƙatar masu bincike. Jami'ar Duke da tsofaffin 'yan ƙungiyar sun haɗa mata shafi, ƙungiyar tarihi ta jihar Wisconsin kuma ta sa dubban shafuka na aikin rajistar zaɓe na bazarar 1964 a Misisipi, har da rahotannin waya na wanda aka kama da wanda aka doka a kowace rana. Takardun Fannie Lou Hamer, wadda aka kora daga gonar da take aiki a 1962 don ta je rajista, suna cibiyar Amistad a New Orleans.

Hotuna ma takardu ne, kuma sun fi rubutu saurin yaudara. Kowa ya san hoton Rosa Parks zaune a bas tana kallon taga, wani bature a bayanta. Ba ranar da aka kama ta ba ne. An kama ta ranar 1 ga Disamba 1955 don ta ƙi tashi ta ba bature kujera, hoton kuwa an shirya shi ne a 21 ga Disamba 1956, bayan baƙaƙen fatan birnin Montgomery sun gama ƙaurace wa bas na kwana 381, baturen da ke bayanta kuma ɗan jarida ne. Hoton da take riƙe da allo mai lamba 7053, da wanda ɗan sanda ke dangwala yatsunta, na watan Fabrairu 1956 ne, lokacin da aka kama jagororin ƙauracewar da dama. Abin da ya fito daga daren farko shi ne rahoton 'yan sanda, wanda kwafinsa da zanen kujerun bas ɗin suna cikin fayil ɗin kotun tarayya a reshen ma'adanar ƙasa na Atlanta. In kin buɗe fayil ɗin, Browder da Gayle, za ki ga shari'ar da ta rushe wariya a bas ba da sunan Parks aka shigar ba. Mata huɗu ne masu ƙara: Aurelia Browder, Susie McDonald, Mary Louise Smith, da Claudette Colvin, yarinya 'yar shekara 15 da aka kama tun 2 ga Maris 1955, wata 9 kafin Parks. Fayil ɗin kotu na da wannan amfanin: shaida ta yi rantsuwa, lauyan gwamnati yana yi mata tambayar rainin hankali, amsarta kuma an rubuta ta kalma da kalma.

Jaridu sai a raba su gida biyu. Na turawan Kudu da yawa sun toshe labarin ko sun murɗe shi. Wata jarida a Lexington ta jihar Kentucky ta fito a 2004 ta nemi afuwa cewa ba ta ba da rahoton gwagwarmayar ba a lokacinta. Jaridun baƙar fata irin su Chicago Defender da Pittsburgh Courier da mujallar Jet su suka tura wakilai inda wasu ba su je ba. Jet ce ta buga hoton gawar Emmett Till a Satumba 1955, yaro ɗan shekara 14 da aka kashe a Misisipi, bayan mahaifiyarsa ta ce a bar akwatin a buɗe duniya ta gani. Su ma suna da ɓangare, kuma sukan yi kuskuren adadi, amma ba tare da su ba rabin labarin babu shi. Shari'ar Till kuma ta nuna yadda takarda kan ɓata ta dawo: rubutaccen zaman kotun ya yi shekaru ba a san inda yake ba, sai bayan an sake buɗe bincike a 2004 aka sami kwafi, takardar sammacin kama baturiyar da ta zarge shi da yi mata rashin kunya kuwa sai a 2022 aka tsinto ta cikin kwali a ɗakin ƙasa na kotun gundumar Leflore, ba a taɓa aiwatar da ita ba.

Hirarrakin baka su ke cike giɓin da na ambata. Jami'ar Duke ta naɗi hira sama da 1,200 tsakanin 1993 da 1995 da dattawan da suka rayu ƙarƙashin dokokin wariya, a kan rayuwar yau da kullum: makaranta, asibiti, yadda ake koya wa yaro ya sauka daga gefen titi in bature na tahowa. Ɗakin Karatu na Majalisa yana da wani tari na bidiyo da aka fara bayan majalisa ta yi dokar tattara irin waɗannan hirarraki a 2009. Tsoho kan manta shekara, ya haɗa taro biyu, wani lokaci ya ba da abin da ya gani a talabijin kamar a gabansa aka yi. Ki ɗauki kwanan wata daga takarda, ki ɗauki yadda abin ya ji a jiki daga bakinsa.

Game da batun da za ki zaɓa, kada ki ce za ki rubuta tarihin gwagwarmayar gaba ɗaya. Ki ɗauki gunduma ɗaya, ko shari'a ɗaya, ko shekara ɗaya. In kuma kina son abin da ɗalibin Amurka ba zai iya yi ba ke za ki iya, ki dubi inda labarin ya taɓa Afirka. A Oktoba 1957 wani gidan abinci a Dover ta jihar Delaware ya ƙi barin ministan kuɗin Ghana, Komla Gbedemah, ya zauna ya sha lemo, har Shugaba Eisenhower ya gayyace shi karin kumallo don a kashe maganar. A 1961 an yi wa jakadan Chadi, Adam Malick Sow, irin wannan a jihar Maryland yana kan hanyarsa ta zuwa Washington. King da kansa ya halarci bikin 'yancin Ghana a 1957, ya zo Legas a Nuwamba 1960 lokacin rantsar da Azikiwe a matsayin Gwamna-Janar. Ɓangaren Amurka na wannan yana cikin takardun ma'aikatar harkokin wajensu, waɗanda ofishin tarihin ma'aikatar ya buga zaɓaɓɓu daga ciki a intanet. Ɓangarenmu yana Kaduna da Ibadan. Ki je ma'adanar takardun ƙasa da Gidan Arewa ki zauna da Gaskiya Ta Fi Kwabo da Nigerian Citizen da West African Pilot, ki duba makonnin rikicin shigar ɗalibai baƙar fata makarantar turawa a Little Rock a Satumba 1957 da na zanga-zangar Birmingham ta jihar Alabama a Mayu 1963, ki ga me aka buga, da wane lafazi, a wane shafi. Ko da kin tarar wata jaridar ta yi shiru, shirun ma sakamako ne da za ki rubuta.

A Kaduna ɗin za ki ci karo da namu nau'in rabe-raben: dokar garuruwa ta 1917 ta zamanin Lugga, da filin yadi 440 da ake bari fayau tsakanin unguwar turawa da ta 'yan ƙasa da hujjar sauro. Kwatanta shi da na Amurka abu ne mai kyau in an yi a hankali, amma kada ki ce abu ɗaya ne. Turawan mulkin mallaka 'yan tsiraru ne baƙi masu wa'adi, baƙar fatan Misisipi kuwa 'yan ƙasa ne da tsarin mulki ya ba mazansu ƙuri'a tun 1870 aka ƙwace ta da harajin zaɓe da jarrabawar karatu da bindiga.

Duk takardar da kika sauke, ki rubuta nan take sunan ma'adanar, sunan tarin, lambar akwati da ta fayil, wanda ya rubuta, wanda aka aika wa, da kwanan wata, don adireshin intanet kan canja amma lambar akwati ba ta canjawa. Sunan wanda ɗan rahoto ya yi wa ƙazafi kuwa, in ba shahararre ba ne kuma hujjarki ba ta rataya a kansa ba, ki sakaya shi. 'Ya'yansa da jikokinsa suna raye.